Ƙyallaye Bakwai a Akwatin Fayaman

Ranar sadakar uku, da maza suka shafa fatiha suka watse, mu shida muka rage a falon ɗana a Woodbridge, nan ƙasar Amurka. Akwai ni, mai takaba. Akwai babban ɗana, wanda bakina ba ya kama sunansa, direba ne a filin jirgin sama. Akwai matarsa, ita ce ke rubuta wannan da nake faɗa, don ni ban yi boko ba, ban kuma zauna gaban allo ba, abin da nake salla da shi da kunne na ɗauka. Na ce mata in ta gama ta karanta mini, in ta ƙara gishiri zan ji. Akwai 'yata, wadda aikinta auna ƙazantar iska a wani wuri a Maryland. Akwai aminiyata Hajiya, 'yar zangon Kumasi, da ta taso tun daga Lanham da waina cike da kula. Sai wata nas 'yar Kafanchan, Kirista, mai ce mini Mama. Ubanta ne ya tuƙa jirgin ƙasan da mijina ya yi wa fayaman, wato mai zuba wa wutar jirgi kwal. A tsakiyarmu kuma, a kan kafet ɗin da na hana a hau da takalmi, akwatin ƙarfe ne mai tsatsa a kusurwoyi.

Maigida ya rasu ranar Litinin da hantsi, a kan kujerarsa ta bakin taga, tagar kuma a buɗe. Wanda ya ba mu aronsa ya karɓi abinsa, mu ma can muka nufa. Allah ya jiƙansa, ya haskaka kabarinsa.

Kwana uku ina jin mutane na yabonsa. Liman ya ce bai taɓa riga shi zuwa masallacin Juma'a a Sterling ba. Gaskiya ne, sai dai bai faɗi dalili ba: da wuri yake zuwa don ya zauna kusa da ƙofa kafin a cika ɗakin da turare. Wani ɗan Maraɗi mai tasi ya yi ta kuka kamar ubansa ne ya mutu, wai Baba ya taɓa shinshina bayan motarsa ya ce tana cin baƙin mai, makanike ya duba ya tarar haka ne. Nas ɗin nan ta ce har ubanta ya tsufa yana faɗin bai taɓa samun fayaman da ya iya ciyar da wuta kamarsa ba. Ni ina amsa gaisuwa, ina cewa haƙuri sai ku, amma idona na kan ƙofar ɗakin da akwatin yake. Zama ya gagare ni. In tashi in gyara labule, in dawo, in tashi in duba ko an kashe gas. Mutane suka ɗauka zafin rashi ne.

Da aka fito da akwatin, ɗana ya ce tsummokara ne kawai a ciki, tun yana yaro ya san warinsu, motar shara kuma na zuwa ranar Juma'a. 'Yata ta dafa murfin ta ce Baba ya yi mata alkawarinsa tun da daɗewa, yau za ta tafi da shi, kuma tana so ta kama hanya kafin la'asar don kada titi ya cushe. Ta ce ƙyallaye bakwai na can ƙasa su ne idon abin. Hayaƙin kwal ne na jirgin ƙasa, na zamanin da ya wuce, ba ta san wani da ya adana irinsa daga ƙasarmu ba. Za ta sa su a inji a gwada, ta rubuta, ta sa sunan ubanta a kai.

To, ƙyallaye bakwai ɗin nan na ƙarya ne, kuma ni na yi su. Shekara hamsin da ɗoriya ban faɗa wa kowa ba. In injin ya gano, za a ce tsohon ya ruɗe ko ya yi ƙarya, ga shi ba ya nan balle ya kare kansa. In bai gano ba, 'yata za ta tsaya gaban mutane da ƙarya a hannu tana kiran sunan ubanta. Abin da ya hana ni zama ke nan.

Bari in koma baya, don a san wanda aka rasa.

Da aka kai ni gidansa a barikin reluwe na Kafanchan, aikinsa shi ne zuba wa jirgi kwal da shebur. Yana tsaye bakin wuta tun daga tasharmu har Inugu, ya dawo baƙi ƙirin, ba ka ganin komai sai idanu da haƙora. Ruwa uku nake canja masa kafin ya koma mutum. Ko ya yi wanka, in ya fyace hanci sai ka ga abin kamar tawada. Yana da aboki, fayaman kamarsa, da suka shiga aiki rana ɗaya. Tari ya kama abokin, ya rame, ya mutu bai kai talatin ba. 'Yan uwansa suka ce sammu ne, wani ke neman gurbinsa. Maigida bai yi musu da kowa ba. Ya dai roƙi ƙyallen da marigayin ke ɗaurawa a hanci, ya naɗe shi cikin takarda, ya yi rubutun ajami a kai. Na tambaye shi na mene ne, ya ce shaida. Shaidar wa, a gaban wane alƙali? Ya ce shi ma bai sani ba tukuna.

Daga nan abin ya zame masa ɗabi'a. Ya sayo farin alawayyo, ya yanka gwargwadon tafin hannu biyu, ya rataye a inda ruwan sama ba zai taɓa ba, ya ƙirga kwana arba'in, ya sauke. Ya shinshina, ya naɗe, ya rubuta wuri da lokaci. Ya rataya a loko inda jirage ke kwana, ya rataya a tasha, ya rataya a jikin kan jirgin ma, direba yana masa dariya. Da aka daina jirgin kwal aka kawo na gas, muka koma Kaduna, bai daina ba. Na Kakuri daban, wajen masaƙu. Na gefen matatar mai yana da maiƙo, har takardar ta jiƙe. Akwai na bayan mayanka inda ake babbaka da taya. Ranar da ya shigo da wannan na ce ko shi ko ni a ɗakin nan, ya kwana a zaure da abinsa. Akwai na shekarun da kowane shago ya sayi janareto. Maƙwabta suka ɗauka asiri yake yi, har wata ta taɓa aiko mini da goro wai in roƙa mata laya.

Ni kuwa mai tsafta ce, ba na ɓoyewa. Tukunyata ba ta kwana da baƙi a gindi. Shi ya sa yake ce mini Duba-gari. In ya ji motsina sai ya ce wa yara, ku ɓoye ƙafafunku, ga Duba-gari nan. Ni kuma in raina ya ɓaci ba na ce masa Malam, Fayaman nake cewa, ko bayan ya yi furfura ya je Makka.

Laifin nawa ya faru ne a haihuwar fari. Ban je gida goyon ciki ba saboda nisa, goggona ce ta zo ta yi mini jego. Kwana biyu da haihuwa aka tura shi hanya, zai dawo kafin suna. Ina shara don baƙi, na jawo wata jaka a ƙarƙashin gado, lokacin ba a sayi akwatin ba, sai ga baƙaƙen tsummokara bakwai cikin takardu. Na san nasa ne, na san yana ji da su. Amma goggo na tsaye a kaina tana cewa wace irin mace ce ke kwana a kan wannan, dangin miji kuma na tafe. Na ce a raina ai ba yarwa zan yi ba, gyarawa zan yi. Na jiƙa su, na dirje da sabulun salo, na sa bula, na shanya. Suka fito fes.

Matar direba, uwar nas ɗin nan, ita ta leƙo ta katanga ta gan su a igiya. Ta riƙe baki. Ta ce mini baƙin ai shi ne abin da yake ajiyewa, ba ƙyallen ba, kuma ɗaya daga ciki na abokinsa ne da ya mutu. Na san da haka, amma sai da ta faɗa na ji shi a ƙirjina.

Yarinya ce ni, tsoro ya ba ni dabara. Madafarmu ɗan ɗaki ne ba taga, safe da yamma ana hura wutar ruwan jego, ga girki a tsakani. Na zare su a igiya na ɗaure can sama da murhu, ƙarƙashin rufi inda kunkunniya ke taruwa. Kafin ya dawo sun yi baƙi har sun fi na da. Na naɗe kowanne a takardarsa, ko na dace da ta kowa ko ban dace ba, Allah masani. Ya dawo, ya ga ɗansa, ya yi wanka. Bayan suna da kwana ɗaya na gan shi a bakin gado da jakar a buɗe. Ya kai ɗaya hanci. Ya daɗe. Ya ɗago ya dube ni, ina ba yaro nono, na kau da kai. Sai ya ɗauko tawada da alƙalami ya yi ta rubutu a takardun, ya mayar, ya fita masallaci. Bai ce komai ba. Na ce a raina na tsira.

Ba a yi mako ba ya zo da guduma da kurfi ya huda bangon madafata. Rami ya yi babba, kamar za a shigo da akuya. Faɗan da muka yi kan ramin nan bariki duka ta ji. Na ce ya tona mini asiri, kowa ya wuce sai ya ga abin da ke tukunyata, ranar da babu nama ma a sani. Kaji suka samu hanya. Iska ta riƙa karkatar mini da wuta. Na toshe da buhu, ya cire. Na toshe da kwali, ya cire. Na tambaye shi me na yi masa, ya ce shi dai yana son iska. Da muka koma Kaduna, tun ba a shigar da gado ba ya sa aka buɗe taga a kicin. Ya sayo mini risho, na ce tuwon risho ba ya nuna, na ajiye shi sai ranar baƙi. Haka muka yi ta yi, shi buɗe, ni rufe, daga Kafanchan har Amurka. Ko safiyar da ya rasu sai da na ce masa sanyi ya fara shigowa, ya rufe tagar nan. Ya ce to, Duba-gari, bai kuma rufe ba. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ba mai yawan magana ba ne, amma in ya yi tambaya sai ta kwana a kan mutum. A shekarun da ruwan sama ya ɗauke a arewa, mutanen garinsu na wajen Daura suka yi ta sauka a gidanmu da ƙullin kayansu. Yayansa ya zo da igiyoyin shanu a hannu, ba saniya ko ɗaya. Maigida ya ba su ɗakinmu, muka koma zaure da yara wata huɗu, ban ji daɗi ba kuma na faɗa. Ya ce in yi haƙuri, mutumin da ya taho da igiya ba shanu ba a tambayarsa yaushe zai koma.

Shekaru da yawa bayan haka, a gidan nan, 'yata ta zo hutu suna hira a baranda ina tsinke alayyafo ina ji. Tana gaya masa wai hayaƙi iri-iri ne a wajen rana. Baƙi, irin na kwal da itace da gas ɗin manyan motoci, yana shan zafin rana ya ɗumama iska, kamar baƙar riga a bazara. Akwai kuma wani mai haske, mai warin farar wuta, da masana'antun Turai da na ƙasar nan suka yi ta tura wa sama a da. Shi kare rana yake yi, kamar an yi rumfa. Ta ce masana da yawa na ganin rumfar nan ta sanyaya tekun arewa, damina ta ja da baya ta yi kudu, kuma wannan na cikin abin da ya jawo mana waccan masifar, ko da yake ba shi kaɗai ba ne. Na ɗauka zai zagi Turawa, don ni na fara a raina. Shi kuwa sai ya ce, “To nawa fa? Kwal ɗin da na zuba da hannuna?”

Ta yi dariya ta ce Baba, naka ai ƙarami ne ƙwarai in aka gwada da nasu.

Ya ce, “Ƙarami ba babu ba ne.”

Daga ranar na lura ya ƙara tsawon zama bayan sallar asuba. Ban tambaye shi ba. Na dai san igiyoyin yayansa yake gani.

Zaman ƙasar nan bai canja shi ba, sai dai ya ba shi abin dariya. Makonmu na farko na kunna turaren wuta a ɗaki, wani abu a silin ya fasa ihu, na zubar da kasko, surukata ta zo da gudu tana fifita shi da tawul. Shi kuwa yana zaune yana ƙyaƙyata dariya har da hawaye, wai yau ya ga ƙasar da ta ƙera inji mai irin hancinsa, kuma injin ya fi shi ƙarfin hali tunda ya iya yi wa Duba-gari tsawa. Ya buga ƙusa a barandar baya, wadda ke kallon babban titin da motoci ba sa yankewa, ya rataya ƙyallensa. Bayan kwana arba'in ya sauke, abin ya yi toka-toka kawai. Ɗana ya ce ka gani, Baba, nan iska tsaf take. Ya shafa ƙyallen da yatsa, ya duba yatsan, ya ce hayaƙin nan bai tafi ba, boko ya yi, ya koyi ɓuya. 'Yata ta ce wallahi Baba ya faɗi abin da take kwashe awa guda tana bayani, ƙananan da ido ba ya gani su suka fi shiga huhu.

Da yamma yakan sa hula ya taka zuwa inda ake hango layin dogo, ya tsaya ya ga jirgin ma'aikata ya wuce, ya dawo ya ce mini direban yau ya yi gaggawar taka birki, kamar ni na tambaya. Shekarar da hayaƙin gobarar dajin Kanada ya rufe garin nan, rana ta zama kamar kwaiduwar ƙwai, aka ce tsofaffi kada su fita, sai na neme shi na rasa. Yana baranda, hanci a sama. Na jawo shi da hannun riga. Ya ce itace ne, amma ba irin namu ba, wannan mai ƙaro ne. Ya ce ki duba, Duba-gari, daga wata ƙasa ya taso ba wanda ya tambaye shi takarda. Na ce in ya kwanta ciwo ni ma ba zan tambaye shi ba.

Wannan shi ne mutumin da za a ce ya kasa bambanta kwal da itace. Da shi da hancin nan.

To, a falon, 'yata ta duba agogo ta ce wa yayanta ya kama mata akwatin su kai mota. Ya sunkuya ya kama hannu ɗaya. Na ji bakina ya ce, “Ku ajiye.”

Suka ajiye. Na ce surukata ta rufe ƙofar kicin, ba don komai ba sai don in samu abin faɗa kafin in faɗi wancan. Sannan na faɗa, tun daga goggo har igiyar da ke saman murhu. Ban yi kuka ba, ban kuma nemi a tausaya mini ba. Na ce bakwai na ƙasan nan ba kwal a jikinsu, hayaƙin madafata ne, ubanku bai yi ƙarya ba, ni na cuce shi bai sani ba, kada a rubuta sunansa a kan aikina.

 Nas ta sunkuyar da kai. Ina jin uwarta ta taɓa ba ta labarin. 'Yata ta zauna a ƙasa, ta buɗe akwatin, ta yi ta ɗebe na sama a hankali har ta kai ƙasa. Ta ɗauko ɗaya, takardar ta yi ja don tsufa. Ta ce, “Inna, har da na abokin Baba?” Na ce har da shi. Ta tashi ta shiga banɗaki, muka ji ruwa na zuba, ya daɗe yana zuba.

Hajiya ce ta miƙa hannu ta ɗauki takardar. Ubanta malami ne a Kumasi, ta iya ajami, abin da 'ya'yana 'yan boko ba su iya ba. Ta laluba jaka ta sa tabarau, ta kai takardar kusa da taga. Ta ce rubutu biyu ne a nan, na sama ya ce loko, Kafanchan, damina, na ƙasa kuma da wata tawadar aka yi shi. Ta ce, “Yaya, ba a taɓa karanta miki wannan ba?” Na ce wa zan ba ya karanta mini, in tona kaina? Ta ce to a kira yarinyar.

Da 'yata ta fito, Hajiya ta karanta, tana bin layi da yatsa, tana tsayawa inda tawada ta dushe.

“Wannan ba hayaƙin kwal ba ne yanzu. Ta wanke, ta mayar da na madafa. Itace ne da kara. Kwana huɗu na yi a hanya, ya fi na kwana arba'in a loko baƙi. Abin da take shaƙa ke nan, ita da jariri. In huda bango.”

Ta buɗe na biyu, da na uku. Kowanne an ƙara masa a ƙasa: na madafa. Na ƙarshe shi ne na abokin. A nan ya rubuta, “Shaidar abokina ta tafi. Allah ya jiƙansa. Kada a yi mata magana, jego take yi.”

Ɗana, wanda shi ne jaririn, ya tashi ya tsaya bakin taga ya ba mu baya.

Ni haushi ne ya fara zuwa mini, ba zan ɓoye ba. Na ce wato shekara hamsin da ɗoriya mutumin nan ya bar ni ina ɗauke da wannan dutse, yana kallona, ya sani. Jegon bai ƙare ba ne? Hajiya ta cire tabarau ta ce, “Ke ma ai kin bar shi yana cire buhu a rami shekara hamsin da ɗoriya, ba ki tambaye shi da kyau ba.” Na ce na tambaya. Ta ce da faɗa kika tambaya. 

'Yata ta share fuska ta ce na kwal ya tafi, ba kuma za a sake samunsa ba, wannan kam an yi asara, ba za ta ce mini ba a yi ba. Amma ta ce jirgi na da littafi, masana'anta na da littafi, an san abin da suka ƙona. Murhun mata ne ba wanda ya rubuta, alhali a ƙasashenmu yana cikin manyan masu tura baƙin hayaƙi sama, kuma mata da jarirai ke fara shaƙarsa kafin ya kai ga gajimare. Ta jawo takarda da biro ta matso gabana kamar 'yar makaranta. Wane itace ne? Na ce marke da ƙirya in an samu, in ba a samu ba duk abin da mai jaki ya kawo, ɗanye ma sa shi muke yi. Kara fa? Na dawa. Sau nawa ake hura wuta? Faɗin ɗakin fa? Rufin kwano ne ko azara? Na yi ta ba ta amsa, ina mamakin yadda ban manta komai ba, har inda tsaga take a bango. La'asar ta yi ta wuce. Ba makawa yanzu 'yata za ta shiga cunkoson da take gudu. Yayanta ne ya ɗauki akwatin shi kaɗai, ya rungume shi a ƙirji bai damu da tsatsa a farar rigarsa ba, ya sa a kujerar baya ya ɗaura masa bel.

Allah ya gafarta wa Maigida. Allah ya sa wutar da ya tsaya gabanta a duniya ita ce iyakar wadda zai gani. Allah ya jiƙan abokinsa, wanda na wanke masa shaida. Ga shi na faɗa da bakina, ba sammu ba ne, hayaƙi ne.

Washegari bayan na idar da sallar asuba, gari ya fara haske, na buɗe durowar da surukata ta ajiye ragowar yadin likkafani. Na auna tafin hannu biyu, na yanka da almakashi. Na fita barandar baya, ƙusarsa na nan, ta yi mini tsawo, sai da na jawo kujerarsa na taka. Motoci sun riga sun cika titi da fitilunsu. Na rataye ƙyallen, na ja shi na ga ya zauna. Ranar sadakar arba'in zan sauke, Hajiya ta rubuta mini a takarda.

Daga nan na shiga kicin na ɗora ruwan koko. Na tura tagar da ke saman murhu har ƙarshenta. Surukata ta sauko tana ƙanƙame jiki cikin mayafi, ta ce Mama, sanyi fa ake yi, ta miƙa hannu za ta rufe.

Na ce, “Bar ta.”